Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

A Moynak aka haife ni, bakin tekun da ya yi ƙaura.
Babana Allaniyaz ya yi shekara ashirin yana su,
ranar da ruwa ya ja baya, ya bar masa jirgi kan yashi,
sai ya nannaɗe koma, ya kama akalar taguwa.
"Ita ma jirgi ce," in ji shi, "ba ta dai yin tsatsa."

Gonakin auduga sun shanye mana kogi,
suka biya mu da abin da aka fesa musu.
Yana cikin rijiya, yana cikin gishirin da ke sauka kan shanya,
ba ɗaci, ba wari,
guba ce mai ladabi, ta shiga jiki ba ta taka kowa ba.

Yanzu ina Nukus, hawa na biyu, ƙarshen baranda,
da farar riga wadda hannunta ya yi mini kaɗan
da ɓeraye arba'in cikin keji huɗu.
Na farko ruwa zalla.
Na biyu guba.
Na uku guba da nonon taguwa.
Na huɗu nono kawai, 'yan gata,
suna ƙiba, suna leƙen maƙwabta.

Duk Talata direban bas yana miƙo mini jarka
naɗe cikin tsohon bargon innata,
da sauran sanyin asuba a jikinta.
Nakan tace, in auna, in ɗiga a bakin da bai roƙa ba.
Goma Sha Bakwai ya cije ni a babban yatsa,
tun ranar nake gaishe shi kafin kowa.

Hanta ba ta da baki.
Ita ke tsaye a ƙofa tana karɓar duk baƙon da ciki ya aiko,
ta shanye sharrinsa, ta yi shiru.
Ƙoda kuwa rariya ce, dare da rana tana tankaɗe,
ba wanda ya taɓa ce mata sannu
sai ranar da ta yage.

Kwana ashirin da takwas, aka zo yanka.
Na roƙi gafararsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali,
kada Dokta Sarsenbayeba ta ji.
Na fere hanta siririya kamar ɓawon albasa,
na rina ta, na sa ƙarƙashin madubi.
Ta keji na biyu gari ce bayan gobara.
Ta Goma Sha Bakwai ma wuta ta lasa,
amma ga ɗakuna tsaye, ga lunguna a share,
kamar wani ya yi ta ɗibar ruwa har gari ya waye.

Hannuna ya hau rawa.
Dokta ta leƙa, ta daɗe, ta cire tabarau.
"Tazagul, ɓera ba mutum ba ne.
Rubuta: mai yiwuwa."
Na rubuta. Alƙalamin ya huda takarda.

Da dare Baba ya kira.
Takalmi ya daina shigarsa, idonsa ya yi ruwan ƙwai,
likita ya fara maganar wankin ƙoda.
Hantata ta kaɗa.
Shekara arba'in mutumin nan yana shan nonon nan, safe da yamma.
Kasawa ya yi?
Ko shi ne ya sayo masa arba'in ɗin?
Ba ni da uba na biyu da zan ajiye a wani keji
in ba shi ruwa zalla, in gwada.

"Me ɓerayenki suka ce?"
"Sun ce mai yiwuwa, Baba."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Haka teku ya ce da zai tafi."

Ta cikin waya ina jin taguwa tana kiran ɗanta.
Ba ta sakin nono sai yana kusa, yana shinshina.
Na ce, "Ka je asibitin ranar Litinin, zan biyo bas."
Ya ce, "To. Ki taho da jarkar,
innarki tana cigiyar bargonta."